Kafin Ka Buɗe Fayil ɗin Da Wani Ya Turo Maka

A watan Yunin 2019 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Armin Razmjou, ya wallafa wani ɗan fayil na rubutu mai layi ɗaya tal. Ba a girka shi, ba ya neman izinin kowa. Amma duk wanda ya buɗe shi da Vim da bai kai siga ta 8.1.1365 ba, ko Neovim da bai kai 0.3.6 ba, matuƙar ba a taɓa saitin da manhajar ta zo da shi ba, kwamfutarsa za ta aiwatar da umarnin da ke cikin layin nan take. A misali na biyu da ya bayar, fayil ɗin yana buɗe wa wani na nesa hanyar shiga kwamfutar, sannan ya sake rubuta kansa don ya share sawu. An yi wa wannan ɓaraka rajista da lambar CVE-2019-12735.

Kusan kowa an koya masa ya yi hattara da fayil mai ƙarewa da .exe, amma rubutu zalla ana ɗaukarsa abin da ba ya cizo. Gaskiya ne rubutu ba ya yin komai da kansa. Manhajar da ke buɗe shi ce ke yi. Manhajojin rubutu na masu gina manhaja da masu kula da saba, irin su Vim da Emacs da VS Code, an gina su ne su riƙa karɓar umarni daga fayil ɗin da suke buɗewa da kuma foldar da yake ciki, don su rage wa mai aiki wahala. Kamar ɗan aike ne da aka ba wasiƙa ya kai, ya buɗe ta a hanya, ya ga an rubuta “ka ba mai wannan takarda makullin gida”, ya kuwa bayar. Aikin da ke gabanka shi ne ka san ta waɗanne ƙofofi manhajarka ke karɓar irin wannan umarni, ka rufe waɗanda ba ka buƙata, sauran kuma ka yanke shawara a kansu kafin ka buɗe fayil, don bayan buɗewa an makara.

Layin da ke magana da Vim

Vim, wadda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, tana duba layuka biyar na farko da biyar na ƙarshe na kowane fayil tana neman wani layi na musamman da ake kira modeline. Misalinsa shi ne `# vim: set ts=4 sw=4 :`, wato mai fayil yana gaya wa manhajar faɗin tazarar da za ta bari a farkon layi. Wannan ba laifi. Matsalar a 2019 ita ce wasu saituttukan Vim, kamar na naɗe sakin layi, ba lamba kawai suke karɓa ba, suna karɓar ɗan lissafi da manhajar za ta aiwatar. Masu Vim sun san haɗarin, shi ya sa suka yi wa irin wannan lissafi shinge: akwai jerin abubuwan da ba a yarda ya yi ba. Razmjou ya gano cewa umarnin `:source!` bai shiga jerin ba. Wannan umarni yana sa Vim ta karanta fayil kamar mai kwamfutar ne ke buga haruffan da yatsunsa, kuma tana yin hakan ne bayan ta fita daga shingen.

Ba shi ne karo na farko ba. Wani mai bincike, Georgi Guninski, ya nuna irin wannan ɓaraka a modeline tun 2002, an sake samun wata a 2016. Dalilin maimaituwar a fili yake: shingen da aka gina a kan lissafo abubuwan da aka hana, mantuwa ɗaya ta isa ta rushe shi. A ganina amfanin modeline bai kai haɗarinsa ba, don haka ka kashe shi.

Buɗe Vim ka buga `:version` ka ga sigar da kake da ita, sannan ka buga `:verbose set modeline?`. Idan amsar ta zo `nomodeline`, a kashe yake, kuma za ta nuna maka fayil ɗin saitin da ya kashe shi. Idan ta zo `modeline`, buɗe fayil ɗin `.vimrc` da ke foldar gidanka ka ƙara layin `set nomodeline`. A Neovim, idan da Lua kake rubuta saiti, layin shi ne `vim.o.modeline = false`. Debian da ’ya’yanta sukan zo da shi a kashe, Vim kuma ba ta kunna shi ga mai shiga a matsayin root, wato mai cikakken iko, amma kada ka dogara da wannan. Mutane da yawa sukan kwafo `.vimrc` na wani daga intanet ba tare da sun karanta ba, a ciki kuwa an sake kunna shi. Idan kana aiki da wasu kuna so tazarar layinku ta daidaita, yi amfani da fayil ɗin `.editorconfig`, wanda ƙayyadaddun saituttuka kawai yake ɗauka, Neovim ma tana karanta shi da kanta tun siga ta 0.9.

Tun da kana cikin `.vimrc`, nemi layin `set exrc`. Yana sa Vim ta karanta fayil ɗin saiti daga duk foldar da ka tsaya a ciki, ta aiwatar da abin da ke cikinsa. A kashe yake zuwa, idan ka tarar an kunna, goge layin. Neovim daga 0.9 takan tambaye ka ko ka amince da fayil ɗin kafin ta karanta.

Emacs ma haka take, sai dai ta fi tambaya

Emacs tana da nata salon. Fayil na iya ɗauke da saiti a layin farko tsakanin alamomin `-*-`, ko a ƙarshe ƙarƙashin `Local Variables:`, folda kuma na iya ɗauke da `.dir-locals.el`. A cikinsu ana iya saka `eval:`, wato umarni kai tsaye a Lisp, harshen da Emacs ke aiki da shi. Idan Emacs ta ga saitin da ba ta san lafiyarsa ba takan tsaya ta tambaya, kuma a cikin zaɓin da take bayarwa akwai alamar `!`, wadda ke nufin ka amince har abada. Mai gaggawa yakan danna ta don tambayar ta daina damunsa. Abin da ya fi shi ne ka saka layuka biyu a fayil ɗin saitinka: `(setq enable-local-variables :safe)` da `(setq enable-local-eval nil)`. Na farko yana sa ta ɗauki saituttukan da aka tabbatar da lafiyarsu kawai ta yi watsi da sauran ba tare da tambaya ba, na biyu yana hana `eval`.

Sai dai tarihin Emacs ya nuna cewa saiti kaɗai ba ya isa. A watan Satumban 2017 an fitar da siga ta 25.3 cikin gaggawa saboda ɓaraka ɗaya: tsarin ƙawata rubutu da ake kira enriched yana aiwatar da Lisp da aka cusa cikin rubutun, har ma ta saƙon imel ga masu karanta wasiƙunsu a cikin Emacs. A 2024 an fitar da 29.3 a watan Maris da 29.4 a watan Yuni, dukansu don toshe kafofi, mafi yawa a sashenta na tsara bayanai mai suna Org. A ƙarshen shekarar kuma wani mai suna Eshel Yaron ya nuna cewa duba kuskure ko neman cikon kalma a fayil ɗin Lisp na wani ya isa ya sa a aiwatar da abin da ke ciki. Siga ta 30.1, wadda ta fito a Fabrairun 2025, ta zo da saitin `trusted-content`, inda kai ne za ka lissafo foldojin da ka amince da su. Ka lissafo foldar aikinka kawai, kada ka saka foldar gidanka gaba ɗaya.

Folda ta fi fayil haɗari

A yau yawancin masu koyon gina manhaja da VS Code suke farawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Ba fayil ɗaya suke buɗewa ba, folda guda suke buɗewa, a cikinta kuwa akwai ɓoyayyiyar folda mai suna `.vscode`. Fayil ɗin `tasks.json` da ke ciki na iya ɗauke da aiki mai alamar `"runOn": "folderOpen"`, wato a aiwatar da shi da zarar an buɗe foldar. Shi kuma `settings.json` na iya gaya wa wata manhajar ƙari cewa kayan aikin da take buƙata yana wuri kaza a cikin foldar, ta je ta kunna abin da mai foldar ya ajiye a wurin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake kuskure a ginin manhajar. Da gangan aka yi su, don haka babu wani faci da zai zo ya cire su.

Abin da Microsoft ta yi shi ne ta ƙara tsarin amincewa da folda a siga ta 1.57, a tsakiyar 2021. Idan ka buɗe sabuwar folda, manhajar za ta tambaye ka ko ka amince da waɗanda suka rubuta abin da ke ciki. Idan ka ce a’a, za ta buɗe a taƙaitaccen yanayi: kana iya karantawa da gyarawa, amma ba ta aiwatar da ayyuka, ba ta bin saitin foldar mai haɗari, kuma tana kashe manhajojin ƙari da yawa. Wannan tambaya ita ce kusan dukan kariyarka. Amsar farko ga duk foldar da ba kai ka rubuta ba ita ce a’a, ko da abokinka ne ya turo, don shi ma wataƙila turo masa aka yi.

Akwai tarko a ƙasan tambayar: wani ɗan akwati da ke cewa ka amince da duk abin da ke cikin uwar foldar. Wanda ya taɓa danna shi alhali aikin yana cikin foldar da abubuwan saukewa ke taruwa, ya amince ke nan da duk abin da zai sauke nan gaba, kuma ba za a sake tambayarsa ba. Danna Ctrl da Shift da P, nemi `Manage Workspace Trust`, ka duba jerin, ka cire duk faffaɗar foldar da ka gani. Sannan a saitinka na mai amfani ka saka `"task.allowAutomaticTasks": "off"`. Tsarin da na fi so shi ne foldoji biyu: ɗaya ta ayyukanka wadda ka amince da ita, ɗaya ta baƙin kaya wadda ba za ka taɓa amincewa da ita ba.

Kada ka ɗauka wannan tsoro ne kawai na masana. A watan Janairun 2021 sashen binciken barazana na Google ya bayyana cewa wasu masu kutse da ke da alaƙa da gwamnatin Koriya ta Arewa sun yi ta ƙulla abota da masu binciken tsaro a kafafen sada zumunta, su nemi a yi aiki tare, sannan su turo aikin Visual Studio da aka ɓoye umarni a matakan haɗa shi. Waɗanda aka nufa ƙwararru ne, kuma wasu sun faɗa. A Nuwamban 2023 masu binciken kamfanin Palo Alto suka bayyana wani salon da suka sa wa suna Contagious Interview: ana tuntuɓar mai neman aiki da sunan ɗaukar ma’aikata, a ce ya sauke wani aiki ya gwada ƙwarewarsa a kai, a ciki kuwa akwai abin da ke kwashe kalmomin sirri da asusun kuɗin kirifto. Duk matashin da ke neman aikin nesa da kamfanonin waje, a Kano yake ko a Yamai, yana cikin irin mutanen da ake farauta da wannan.

Saura Git. Manhajojin rubutu da yawa, da zarar sun ga foldar `.git`, sukan kira Git a ɓoye don su nuna maka fayilolin da suka canza. Git kuwa tana karanta `.git/config`, inda saiti kamar `core.fsmonitor` ke iya nuna wani umarni da za ta aiwatar. Wani mai bincike, Justin Steven, ya yi cikakken bayanin wannan a 2022. Abin lura shi ne `git clone` ba ya kwafo wannan fayil daga wurin mai aikin, sabo yake ƙirƙira maka. Amma aikin da aka turo a ƙunshe cikin zip, ko aka kwafo a filashi, da nasa `.git/config` yake zuwa. Idan ba ka buƙatar tarihin aikin, goge foldar `.git` kafin ka buɗe. Idan kana buƙata, karanta fayil ɗin tukuna.

Yadda za ka duba baƙon fayil

Fara da kallonsa ta hanyar da ba ta karɓar umarni. Idan aikin yana GitHub ko makamancinsa, karanta shi a burauza kafin ka sauke. Idan ya riga ya sauka, a Linux ko Mac buga `ls -la` ka ga ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo. Waɗanda za ka nema su ne `.vscode` da `.git` da `.dir-locals.el` da `.exrc` da `.vimrc` da `.nvim.lua`. A Windows ka kunna nuna ɓoyayyun abubuwa da nuna ƙarshen sunan fayil.

Wajen karanta abin da ke ciki, yi amfani da `cat -v`, kada ka tsaya a `cat` kawai. Fayil ɗin Razmjou na biyu yana ɗauke da haruffan sarrafa allo da ke share mugun layin daga ganinka idan ka duba da `cat`, sai ka ga rubutu mai tsabta. Ƙarin `-v` yana fito da waɗannan haruffa fili, za ka gan su da alamar `^[`. Duba farkon fayil da ƙarshensa musamman. Ka kuma lura da layin da aka cika da fili mai tsawo don a tura umarni can gefen dama inda allo bai kai ba. A cikin folda, `grep -rn folderOpen .vscode` zai nuna maka ko akwai aikin da ke jiran buɗewa.

Idan dole ne ka buɗe da manhajar rubutu, buɗe ta tsirara. Ga Vim: `vim -u NONE --cmd "set nomodeline"` sannan sunan fayil. Ga Emacs: `emacs -Q --eval "(setq enable-local-variables nil)"` sannan sunan fayil. Ga VS Code: `code --disable-extensions`, ka kuma ƙi amincewa da foldar. Idan kuwa aikin na buƙatar ka kunna shi, kamar gwajin ɗaukar aiki, kada ka yi a kwamfutar da ke ɗauke da makullanka. Girka VirtualBox ka yi kwamfuta a cikin kwamfuta, ko ka yi amfani da Windows Sandbox, wanda ke goge komai da zarar ka rufe shi, idan kana da Windows Pro. Kada ka shiga imel ko asusunka daga ciki.

Abin da saiti ba ya magani

Wani nau’in ɓarakar ba ruwansa da umarnin da fayil ke bayarwa, kuskure ne a yadda manhajar ke sarrafa ma’ajiyar aikinta. A 2023 Jaroslav Lobačevski na sashen tsaro na GitHub ya gano irin waɗannan a manhajar rubutu ta Notepad++, mafi muninsu a wurin da take juya rubutu daga tsarin UTF-16 zuwa UTF-8: fayil da aka ƙera da gangan yana sa ta rubuta bayanai fiye da wurin da ta tanada, abin da kan iya kai wa ga aiwatar da umarnin wani. An gyara a siga ta 8.5.7. Irin wannan ba shi da wani maɓalli da za ka kashe, sabuntawa ce kawai.

A nan ne ɗabi’armu ke cutar da mu. Tsadar data ta sa mutane da yawa suna kashe sabuntawa, ana kuma yawo da tsofaffin manhajoji a filashi daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru. Notepad++ ’yan megabait ne kawai, ba ta kai ɗan gajeren bidiyo ba. Wanda kuma har yanzu yake riƙe da manhajar rubutu ta Atom ya sani an daina kula da ita tun Disamban 2022, duk kafar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna.

Hanyar sabuntawar ma sai an duba ta. A 2017 takardun hukumar leƙen asirin Amurka da WikiLeaks ta fitar sun nuna ana musanya wani ɓangare na Notepad++ mai suna SciLexer.dll da na bogi, abin da ya sa mai manhajar, Don Ho, ya fitar da 7.3.3 wadda ke tantance shi. A 2025 kuma masu kutse sun shiga wurin kamfanin da ke riƙe da shafin manhajar, suka riƙa karkatar da wasu zaɓaɓɓun masu sabuntawa zuwa kayan bogi, har siga ta 8.8.9 ta zo da tantance sa hannun abin da aka sauke. Idan sigarka ta girmi wannan, je shafin manhajar na asali ka sauke sabuwa da hannunka, kada ka bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike. Kafin ka girka, danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka duba sa hannun dijital a cikin bayanansa.

Manhajojin ƙari kuma suna aiki ne da cikakken ikonka, a VS Code da Vim da Emacs duka. Duk fayil ɗin da kake iya karantawa su ma suna iyawa. Duba jerin waɗanda ka girka, ka cire duk wadda ba ka tuna dalilin girka ta ba. Haɗarin ya fi tsanani idan ka buɗe manhajar da `sudo`: a 2018 Dor Azouri na kamfanin SafeBreach ya nuna yadda manhajar ƙari da aka dasa a foldar mai amfani ke samun ikon root ta wannan hanya. Don gyara fayil ɗin tsarin kwamfuta yi amfani da `sudoedit`, wanda ke ba ka kwafi ka gyara da ƙaramin ikonka sannan ya mayar. Shi ma an gano masa ɓaraka a Janairun 2023, don haka ka tabbata `sudo` ɗinka ya kai 1.9.12p2 ko rarrabawar Linux ɗinka ta yi masa faci.

Idan ka riga ka buɗe

Idan ka amince da folda sannan daga baya ka ga abin zargi a cikinta, cire kwamfutar daga intanet nan take. Goge foldar ba ya warware komai, don abin da aka kwasa an riga an kwasa, abin da aka dasa kuma ba a cikinta yake zaune ba. Daga wata na’ura daban ka canza kalmomin sirrin imel da na GitHub da na banki, ka fitar da duk na’urorin da ke shige cikin asusun, ka soke makullan SSH da lambobin izini da ke kwamfutar ka yi sababbi. Idan kana da kuɗin kirifto, mayar da su sabon asusu mai sababbin kalmomin ceto, don canza kalmar sirri ba ya kare tsohon. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, sanar da masu kula da ita a ranar, kada kunya ta sa ka yi shiru. Bayan haka kwashe takardunka kawai, ban da manhajoji da fayilolin saiti, ka sake girka tsarin kwamfutar daga farko.